Yoyon Baƙin Mai Daga Murfin Inji: Ƙaramin Gyaran Da Ke Tsawaita Ran Motar Ikkilisiya

A yawancin ikkilisiyoyinmu na ƙasar Kazaure, da Roni, da Gwiwa, har zuwa Babura, mota ɗaya tak ake dogara da ita, ko dai ta ikkilisiya ce da aka saya da baikon jama'a, ko kuwa ta wani dattijo ce da ya sa ta cikin hidimar Ubangiji. Ita ce ke kai mai wa'azi ƙauyen da ba shi da ma'aikaci, ita ce ke ɗaukar zumuntar mata zuwa taron gunduma. In kuma haihuwa ta zo da gardama cikin dare, ita ce ke garzayawa da mace zuwa Babban Asibitin Kazaure ko na Babura, wani lokaci ma har Kano. Kusan dukan motocin nan tsofaffi ne, kuma da wuya ka sami wadda ba ta barin baƙin tabo a ƙasa duk inda ta kwana.

Mun saba ganin wannan tabo har ya daina damunmu. Idan aka yi magana sai direba ya ce ai tsufa ne, a sayo lita ɗaya a ƙara. To, sau da yawa wannan mai yana fitowa ne daga wuri guda, wato bakin murfin da ke saman inji, kuma gyaransa yana cikin mafi arha a dukan gyare-gyaren mota. Abin baƙin ciki shi ne, shi ne kuma gyaran da aka fi ɓatawa, ta hanyar yawan gam da yawan ɗauri. Domin haka muka ga ya kamata mu bayyana wa 'yan'uwa yadda abin yake, don dattawa da ma'aji da direba su san abin da suke biya, su kuma san abin da za su duba sa'ad da ake aikin.

MOTOCIN DA MUKE HAWA

Tsofaffinmu ba su manta da Peugeot 504 ba, wadda kowa ya sani da Fijo. A Faransa aka fara fito da ita a 1968. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, kuma ta daɗe tana haɗa 504 har zuwa tsakiyar shekarun 2000, bayan an daina yin ta a Faransa da shekaru masu yawa. Lokacin da aka yanke Jihar Jigawa daga Jihar Kano a ranar 27 ga Agusta, 1991, Fijo ce motar gwamnati, ita ce motar haya, ita ce kuma motar fastoci. Yanzu ta ragu ƙwarai a kan titi, amma har yau akan ci karo da ita, musamman a-kori-kura da doguwar nan mai ɗaukar iyali.

Wadda ta gaje ta a tashoshin mota ita ce Volkswagen Golf, musamman samfuri na uku wanda aka ƙera a Jamus daga 1991 zuwa 1997, aka riƙa shigo da shi bayan ya gama aiki a Turai. Duk mai bin hanyar Kano zuwa Daura, wadda ta ratsa Ɗambatta da Kazaure, ya san yadda ake loda wa Golf mutane da kaya. Wato dai ko Fijo ko Golf, injin da ke ƙarƙashin bonet ya ga shekaru, kuma roba da sauran abubuwa masu taushi da ke jikinsa ba a yi su don su kai wannan shekaru ba.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin baƙin mai da na kayan gyara ya tashi, sayen wata mota kuwa ya fi ƙarfin ƙaramar ikkilisiya. Saboda haka wadda ke hannu ita za a lallaɓa. Bari mu yi ɗan lissafi. A ce mota tana zubar da rabin lita a mako. A shekara ya zama lita 26 ke nan. Injin Fijo ko na Golf kimanin lita 4 yake sha idan an yi juye. Ashe man da ƙasa ta shanye a shekara ya isa a yi wa motar juye sau shida, har da saura. Da yayyafi kogi kan cika.

AIKIN MURFIN DA GASKET ƊINSA

Idan ka buɗe bonet, abin da ka fara gani a saman inji shi ne wani dogon murfi na ƙarfe, wanda galibi a kansa ne ake zuba baƙin mai. Kanikawa suna kiransa tof-koba. A ƙarƙashinsa bawul-bawul suke, su ne ƙofofin da ke buɗewa su shigar da iska da fetur cikin silinda, su kuma fitar da hayaƙi. Tare da su akwai ƙarafan da ke danna su, waɗanda ke motsi sau dubbai a minti ɗaya. Domin kada su cinye juna, famfon mai yana turo baƙin mai daga kaskon da ke ƙarƙashin inji zuwa can sama, man ya fantsama ko'ina, sa'an nan ya gangara ta wasu ramuka ya koma kasko.

Aikin murfin shi ne ya tsare man a ciki, ya kuma tsare ƙura a waje. Tun da ƙarfe a kan ƙarfe ba ya hana mai wucewa, sai aka sa wani abu mai taushi tsakanin murfin da kan injin. Shi ne gasket. Iri biyu aka fi samu. Akwai na roba, akwai kuma na ɓawon itace, irin abin nan mai taushi da Turawa ke toshe bakin kwalba da shi. Daga ɓawon wata bishiya ake samunsa, wadda ta fi yawa a ƙasashen Fotugal da Sifen, inda ake ɓare ta sau ɗaya a shekara 9 ba tare da an sare ta ba.

Abin lura a nan shi ne, man da ke ƙarƙashin wannan murfi fantsama kawai yake yi, ba turo shi ake yi da ƙarfi a bakin murfin ba. Saboda haka gasket ɗin ba ya bukatar matsi mai yawa. Wannan ne ya bambanta shi da babban gasket na kan silinda, wanda kanikawa ke kira tof-gasket, shi ne ke tsare wutar inji da ruwa da mai kada su haɗu. Idan wancan ya ƙone, za ka ga ruwan lagireto yana raguwa, inji yana zafi, farin hayaƙi yana fita, ko kuma baƙin mai ya koma kamar an dama shi da madara. Wancan babban aiki ne mai tsada. Ya kamata ma'aji ya san bambancin, domin sunayen sun yi kama, kuɗin kuwa ko kusa.

ABIN DA KE KAWO YOYO

Na farko zafi ne da tsufa. Baƙin mai a cikin inji mai aiki yakan kusa zafin tafasasshen ruwa, ga kuma zafin ƙasarmu da kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Yau da gobe roba takan bushe ta ƙandare, na ɓawon itace kuma ya lotse ya tsattsage. Gasket ɗin da ya ƙandare ba ya iya bin ƙarfe sa'ad da yake buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi.

Na biyu hannun mutum ne. Da zarar an ga danshin mai, abin da ake fara yi shi ne a ɗauko sifana a ƙara ɗaure notina. Murfin tsofaffin motoci da yawa falle ne na ƙarfe marar kauri. Idan aka matsa noti fiye da kima, ƙarfen da ke kewaye da ramin yakan lotsa ciki, ya datse gasket a wurin, tsakanin noti da noti kuma bakin murfin ya ɗaga. Sai yoyon da ake so a tsayar ya ƙaru, a sake ɗaurewa, ya sake ƙaruwa, har noti ya kwance haƙora ko ƙusar ta karye.

Na uku kuwa shi ne wanda aka fi mantawa. Kowane inji, ko sabo ne, ɗan hayaƙi yakan sulale ta gefen fistin ya shiga inda mai yake, idan kuma ringi ya cinye sai hayaƙin ya yawaita. An yi masa hanyar fita, wani bututun roba da ke komar da shi wajen shan iskar inji. Mu kira shi bututun numfashi. Ƙurar hunturu da dattin tsohon mai sukan toshe shi. In ya toshe, hayaƙin sai ya nemi wata ƙofa, ya turo mai ta duk inda ya sami rauni. Ko gasket goma aka canja, muddin bututun nan a toshe yake, yoyo zai dawo.

A Fijo 504 akwai ƙarin dalili. Injinta a kishingiɗe aka ɗora shi, ya karkata gefe guda, saboda haka man da ke sama yakan taru a gefen murfin da ya fi gangara. Ƙaramin rauni a wannan gefe ya isa. Bugu da ƙari, fulogoginta suna can ƙasan wasu dogayen ramuka da suka ratsa murfin, kuma akwai zoben roba da ke tsare bakin kowane rami. Idan zoben ya mutu, mai yakan shiga ramin.

HAƊARIN DA KE CIKI

Kada mai karatu ya ɗauka asarar kuɗin mai ce kaɗai. Motar da ke yoyo, ranar da direba ya manta da duba geji, ko tafiya ta zo da gaggawa cikin dare, ranar ce mai zai yi ƙasa. Fitilar mai da ke gaban direba ba ta kamawa sai ƙarfin man ya riga ya faɗi, a motoci da yawa ma fitilar ta daɗe da mutuwa. Idan mai ya yanke, metal da karanshaf sukan ci juna cikin 'yan mintoci, shi ne ake cewa inji ya buga. Gyaran injin da ya buga ya isa ya cinye baikon watanni, kuma mun san ikkilisiyoyin da motarsu ta shekara a kan duwatsu a gareji saboda haka, marasa lafiyarsu suna hawa babur.

Na biyu gobara ce. Man da ya gangaro daga murfi yakan sauka a kan ƙarfen da hayaƙi ke fara bi idan ya fito daga inji, wanda ya fi ko'ina zafi. Shi ne warin ƙonannen mai da ake ji idan an tsaya. Inda mai ya haɗu da ƙura da ƙaiƙayi da busasshiyar ciyawa, kamar yadda yakan faru a motar da ke bin hanyoyin gona na Roni da Gwiwa bayan kaka, to, makamashi ya samu.

Har ila yau, baƙin mai yana ruɓar da roba. Yana kumbura bututun ruwa, yana lalata wayoyin fulogi, mota ta riƙa shaƙewa tana shan fetur. A Golf akwai bel mai haƙora a gaban inji, wanda ke daidaita motsin bawul da fistin. Idan mai ya jiƙa shi yakan yi laushi, haƙoransa su zube, mota ta tsaya cik ko a tsakiyar daji ne.

A TABBATA DAGA INA YAKE FITOWA

Kafin a sayi kome, a wanke injin a bar shi ya bushe, sa'an nan a tashe shi ya yi zafi, a duba da tocila. Mai ƙasa yake gangara, iska kuma baya take kora shi idan mota tana tafiya. Saboda haka wurin da ya fi sama kuma ya fi gaba da aka ga danshi, nan ne tushen. Idan danshin ya fara daga layin da murfi ya haɗu da kan inji, gasket ne. Amma a duba marfin da ake zuba mai, domin robarsa ma takan mutu. A duba gindin filtar mai, da ɗan maɓallin da ke kunna fitilar mai, da gindin distirbuta. A Golf a duba zoben da ke bakin kamshaf a bayan bel. Wannan bincike na rabin awa yakan hana a biya kuɗin aikin da ba shi ne ciwon ba.

YADDA AKE AIKIN

A sayi gasket na ainihin samfurin injin. Idan ba a samu a Kazaure ko Ɗambatta ba, ana samu a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Ya fi kyau a tafi da lambar inji ko tsohon gasket a gwada. A lanƙwasa sabon a hankali a gani. In ya ƙandare ko ya tsage tun a shago, ya daɗe a ajiye, a bar shi. A haɗa da zobban ramin fulogi idan Fijo ce, da robobin ƙarƙashin noti idan murfin yana da su. Yankan kwali ko tsohon tif na taya a sa a madadin gasket dabara ce ta fita daji kawai. Araha ba ta ado.

A yi aikin da sanyin inji, a inuwa, wurin da iska ba ta kwaso ƙura. Da hunturu, safiya ta fi. A cire wayar batir mai alamar ragi. A sa wa wayoyin fulogi alama kafin a zare su, don kowace ta koma inda take. A share dattin da ke kewaye da murfin tun kafin a buɗe, domin duk yashin da ya faɗa ciki zai bi mai ya zaga inji.

A kwance notina a tara su a kwano. Idan murfin ya manne, a bubbuga gefensa da tafin hannu ko guntun katako. Kada a cusa sukundireba a ɓanɓare, gama kan injin Fijo da na Golf na alminiyam ne, ƙarfe mai laushi, kuma duk karcen da aka yi masa ya zama hanyar mai ta din-din-din. Da an ɗaga murfin, a rufe bawul-bawul da tsumma mai tsabta marar zare.

Sa'an nan a kankare tsohon gasket da tsohon gam sarai daga fuskokin biyu, da katako ko roba mai ƙarfi. Wuƙa da samfefa ba su da wuri a nan. A goge da tsumma da ɗan fetur, nesa da wuta da taba, a bari ya bushe ƙarau. Kananzir ya isa wanke cikin murfin, amma yana barin maiƙo, don haka kada a gama da shi a bakin da gasket zai zauna.

Yanzu sai matakin da ya raba gwani da mai gaggawa. A kifa murfin a kan gilashi, ko a aza rula ta ƙarfe a bakinsa, a duba ko haske yana wucewa. Duk ramin notin da ya lotsa, a aza shi a kan katako a bubbuga da ƙaramar guduma har ya daidaita. Murfin da ya karkace ƙwarai gara a nemi wani a wurin masu kayan gwanjo. A zare bututun numfashi a wanke, a busa a tabbata iska tana wucewa, in ya tsage a canja. Idan Fijo ce, tun da murfi a buɗe yake, wannan ne lokacin da bakanike zai daidaita tazarar bawul da ma'auninsa. Golf na uku ba ya bukatar haka, shi ke daidaita kansa da ƙarfin mai.

MAGANAR GAM

A nan ne ɓarna ta fi yawa. Mutane suna ganin yawan gam shi ne ingancin aiki, har wani ya matse bututu guda a murfi ɗaya. Gasket na roba a bushe ake sa shi. Gam ɗin silikon kuwa a kusurwoyi kawai ake ɗiga shi, inda ƙarfe biyu suka haɗu suka yi gwiwa. A Golf, alal misali, wuraren su ne gefe biyu na tudun da kamshaf ya bi ta gaba, da kuma gefen robar nan mai siffar rabin wata a baya, idan injin yana da ita. Ɗigo kamar ƙwayar dawa ya isa kowace kusurwa. Na ɓawon itace kuma akan shafa masa gam siriri a gefen murfi kaɗai, don ya riƙe shi kada ya zame wajen ɗorawa.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne, duk gam ɗin da ka ga ya ɓullo waje sa'ad da aka ɗaure, kwatankwacinsa ya ɓullo ciki. Na cikin yakan bushe ya yanke kamar taliya, ya bi mai ya gangara kasko. A bakin famfon mai akwai rariya. Guntayen gam sukan taru su toshe ta, mai ya kasa hawa, inji ya buga alhali geji yana nuna mai a cike. Wato maganin ya kashe marar lafiyan. Kuma a tabbata gam ɗin na inji ne, mai jure mai da zafi. Wanda ake manna gilashin taga da shi ba na wannan aiki ba ne.

MAGANAR ƊAURI

A ɗora murfin a miƙe, kada a ja shi gefe. A sa dukan notina da yatsu har su zauna. Sa'an nan a ɗaure daga tsakiya zuwa bakin, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku. Masu ƙera Golf sun ƙayyade ƙarfin ɗaurin waɗannan notina a kan awo 10 na Nuton-mita. Don mai karatu ya gane ƙanƙantarsa, daidai yake da a rataya jarkar ruwa mai lita 5 a ƙarshen sifana mai tsawon santimita 20. Ƙarfin wuyan hannu ne, ba na kafaɗa ba. Inda akwai sifana mai awo a yi amfani da ita. Inda babu, a riƙe ƙaramar sifana kusa da kanta, a tsaya da zarar gasket ya fara matsuwa. In aka ga na ɓawon itace yana ɓullowa gefe, an wuce.

A mayar da bututu da wayoyi, a ba gam lokacin da aka rubuta a jikin bututunsa kafin a tashi injin. In da hali motar ta kwana. Washegari a duba geji, a tashe ta ta yi zafi, a zaga bakin murfin da farin tsumma. Gasket na ɓawon itace yakan ƙara kwanciya bayan tafiya biyu ko uku, sai a sake taɓa notina kaɗan da sanyin inji. Tsohon mai da tsummokaran aikin kuma kada a zubar kusa da rijiya, kada kuma a shafa wa mutum ko dabba a miki, gama akwai dafi a cikinsa.

NAWAYAR DA KE KANMU

Ba muna cewa kowane dattijon ikkilisiya ya zama bakanike ba ne. Kanikawan garuruwanmu, waɗanda yawancinsu maƙwabtanmu Musulmi ne, su ne suka riƙe waɗannan tsofaffin motoci a kan hanya shekara da shekaru, da kayan aiki kaɗan, kuma sun cancanci girmamawa da cikakken lada. Sau da yawa mu ne muke tura su ga aikin gaggawa. Mu kai mota da yammacin Asabar mu ce lalle da asuba za ta fita, mu ƙi sayen sabon gasket mu ce a lallaɓa tsohon da gam, mu yi ta ciniki har ladan ya kasa sayen abincin yaran gareji. Wanda ya yi haka kada ya yi gunaguni idan mai ya dawo. A kai mota ranar Litinin ko Talata, a sayi kayan kirki, a biya abin da ya dace, wakilin ikkilisiya kuma ya zauna ya ga an daidaita bakin murfi an wanke bututun numfashi.

Muna kuma ba kwamitocin ikkilisiya shawara su ajiye ɗan littafi a cikin mota. A rubuta ranar da aka yi juye, da ranar da aka ƙara mai da yawansa, da kowane gyara da sunan wanda ya karɓi kuɗin. Ma'aji ya duba shi kowane wata kamar yadda yake duba littafin baiko. Littafin zai nuna yoyo tun yana ƙarami, zai kuma kare direba mai gaskiya daga zargi. Direba kuwa ya mai da duba geji al'adarsa ta kowace safiya, a wuri mai daidai, kafin ya tashi inji.

Akwai kuma maganar samarinmu. Tun zamanin Turawa da 'yan mishan na SIM suka kafa tasha da makaranta a Roni, karatu ya zama gadon Kiristocin wannan yanki, kuma yanzu ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a Babura a 2021. Amma kada son takarda ya sa mu rena sana'ar hannu. Ikkilisiyar da ta ɗauki nauyin yaro ɗaya ya koyi kanikanci wurin gwani, ta sami mai duba motarta na shekaru, yaron kuma ya sami abin riƙe iyali.

Abin da muke koya wa masu shirin baftisma game da riƙon amana bai tsaya a kan akwatin baiko ba. Motar nan kuɗin gwauraye ne da na manoma da suka sayar da gero da gyaɗa suka kawo, kuma ba wanda ya san daren da za a buga ƙofa a ce a fito da ita. Saboda haka muna roƙon dattawa, a taronku na wannan wata ku sa maganar motar cikin abin da za a tattauna, ku aiki mutum biyu su buɗe bonet su duba bakin murfin. In da danshi, a gyara kafin damina ta ɓata hanyoyi.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙe abin da ya danƙa mana, ya tsare direbobinmu da duk masu tafiya a kan hanya. Amin.